Za a yi maka aikin gyaran bugun zuciya? Ga yadda za ka shirya wa maganin barci

Yawancin mutane in aka ce za a yi musu aiki a zuciya roƙonsu na farko shi ne "likita don Allah a sa ni barci sosai, in farka kawai in ga an gama". Ba laifi ba ne, wa yake so ya ji ana zura masa waya a jijiya idonsa biyu? Amma in matsalarka ta rikicewar bugun zuciya ce, to barci mai nauyi ba kullum yake taimako ba, wani lokacin ma shi ke sa a kwantar da mutum awa biyu ko uku a tashe shi ba a yi komai ba. Maganin da yake kwantar maka da hankali shi ne dai yake kwantar da bugun da ake nema, aikin kuwa shi ne a kai waya cikin zuciya a ƙona ɗan wurin da bugun kuskure yake fitowa, likita kuma ba zai ƙona wurin da bai gani ba. Kamar dai motar da take ta ƙara a hanya ce, kana kai ta wajen bakanike sai ta yi tsit, ya rasa inda zai sa hannu. Shi ya sa nake ganin duk wanda za a yi wa irin wannan aikin, ko mai jinyarsa, ya kamata ya san yadda abin yake kafin ranar.

A taƙaice zuciya tana da lantarkinta. Akwai wani ɗan wuri a ɗakin sama na dama da yake tayar da bugu sau 60 zuwa 100 a minti in mutum yana hutawa, saƙon ya bi ta wata mahaɗa a tsakiya ya sauka ɗakunan ƙasa su matsa jini. Jijiyoyin jiki iri biyu ne suke juya wannan tsarin, masu zuga zuciya lokacin tsoro da gudu da fushi, su ne masu aiki da adirenalin, da kuma masu rage mata gudu lokacin hutu da barci. Kusan duk maganin barci ko na kashe zafi yana taɓa ɗaya daga cikin biyun nan, wasu kuma suna taɓa lantarkin zuciyar kai tsaye. Wannan shi ne tushen duk abin da zan faɗa.

Fara da sanin sunan naka bugun

Kar ka tsaya a "ina da ciwon zuciya" ko "gabana na faɗuwa". Ka sa likita ya rubuta maka sunan abin a takarda, domin nauyin barcin da za a sa ka ya danganta ne da wannan sunan.

In an ce PVC ne, wato ƙarin bugu da yake tasowa daga ɗakunan ƙasa kana jin kamar zuciya ta yi tsalle ko ta tsallake ɗaya, to ka shirya za a bar ka kusan a farke. Zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 a rana, wani mai PVC sai a samu 20,000 daga ciki duk na kuskure ne, amma ka ga abin mamaki, mutum zai hau gado na'ura tana nuna ƙarin bugun nan bayan kowane bugu biyu ko uku, a tura masa ɗan midazolam don ya daina rawar jiki, minti biyar ba a yi ba layin ya miƙe sumul babu ko ɗaya. Likita na zaune gaban allo da wayoyinsa a cikin zuciya yana jiran bugun ya zo don ya gane daga ina yake fitowa, shiru. Saboda haka ƙwararru sukan ɗauki cikakken ECG, wato zanen lantarkin zuciya a takarda, na ƙarin bugun tun kafin a ba da ko ɗigon magani, sannan su yi allurar kashe zafi a matsematsi kawai inda za a huda jijiya, su bar sauran sai an kama wurin. Haka abin yake ga wani nau'in VT, wato saurin bugu da ke tasowa daga ɗakunan ƙasa, da ke zuwa wa masu lafiyayyar zuciya lokacin motsa jiki ko tashin hankali, da kuma wani saurin bugu da ke tasowa daga wuri guda a ɗakunan sama. Duk waɗannan adirenalin ne yake kunna su, barci na kashe su.

In an ce SVT ne, irin wanda zuciya take ɗaukar gudu farat ɗaya ta kai 150 zuwa sama da 200 a minti sannan ta tsaya farat ɗaya, to yawanci wata ƙarin hanya ce saƙon lantarki yake zagayawa a ciki. Wannan ya fi jure maganin barci, domin hanyar tana nan ko kana barci ko kana farke, likita zai iya tsokanar ta da wayarsa. Duk da haka ga manya an fi son barci mara nauyi, kana jin magana kana amsawa. Yara kuwa galibi sai an sa su cikakken barci tunda ba za su iya kwanciya shiru ba.

AF kuma labarinsa daban ne gaba ɗaya. Shi ne wanda ɗakunan sama suke karkarwa kawai, bugun hannu ya zama babu tsari. A 1998 wani likita mai suna Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordeaux ta Faransa suka nuna cewa yawancin tartsatsin da ke tayar da AF daga bakin jijiyoyin da suke kawo jini daga huhu yake fitowa. Tun daga nan aikin ya zama a zagaye bakin jijiyoyin nan guda huɗu da tabo don a killace su. Ka ga ke nan an riga an san inda za a je, ba a buƙatar bugun ya bayyana, abin da ake buƙata shi ne kar ka motsa kuma numfashinka ya tafi daidai. A nan cikakken barci da bututun numfashi yana da amfani sosai. Wani bincike da aka buga a 2011 kan majinyata 257 ya samu kashi 88 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa cikakken barci sun rabu da matsalar bayan aiki ɗaya, waɗanda aka yi wa mara nauyi kuma kashi 69. Wasu binciken da suka biyo baya ba su ga tazara mai girma haka ba, kuma asibitoci da yawa suna yin aikin lafiya lau da barci mai ɗan zurfi ba tare da bututu ba, don haka in naka asibitin haka suke yi kar hankalinka ya tashi.

Mafi wuyar sha'ani shi ne VT na wanda zuciyarsa ta taɓa bugawa ta bar tabo, ga zuciyar ba ƙarfi. Aikin yana da tsawo, ana so mutum ya kwanta shiru, amma cikakken barci yana sauke hawan jini, in kuma aka tayar da VT ɗin da gangan jinin ya ƙara faɗuwa. A irin wannan likitan barci yakan sa wata 'yar allura a jijiyar wuyan hannu da take nuna matsin jini bugu bayan bugu, ga magungunan ɗaga jini a shirye, ga faifan shokin an manna a ƙirji da baya tun kafin a fara. Babu amsa guda a nan, likitan zuciya da likitan barci ne suke zama su auna.

Magungunan da abin da kowanne yake yi

Ba sai ka haddace su ba, amma in ka ji sunansu a bakin likita ka san inda aka dosa.

Furofofol shi ne farin nan kamar madara da ake turawa a jijiya, yana ɗan yi wa hannu zafi yayin shiga, cikin ƙasa da minti mutum ya tafi. Bai cika taɓa hanyoyin lantarkin SVT ba, shi ya sa ake yawan amfani da shi, amma yana sauke jini yana rage numfashi, kuma yana iya kwantar da bugun da ke dogara da adirenalin. Midazolam na cire fargaba ne yana kuma sa mantuwa, mutum zai yi ta hira da nas a ɗakin aiki daga baya ya rantse bai san an yi ba. Fentanil da danginsa masu kashe zafi suna rage gudun zuciya, musamman remifentanil. Deksmedetomidin yana da daɗin aiki domin bai cika danne numfashi ba, sai dai yana rage gudun wurin da ke tayar da bugu da kuma mahaɗar tsakiya, don haka masu neman tayar da SVT da yawa ba sa son sa kafin a gama bincike, wanda kuma bugunsa dama yana ƙasa sai an yi hattara. Ketamin akasin haka yake, yana ɗaga bugu da jini. Lidoken da ake kashe fata da shi ma, shi kansa maganin rikicewar bugu ne in ya shiga jini da yawa, saboda haka ba a tura shi a jijiya ga wanda ake neman PVC ko VT ɗinsa.

Sai na shaƙa. Tarihin wannan fannin ma daga nan ya faro, don a zamanin kulorofom mutane masu lafiya sukan mutu farat ɗaya da fara shaƙa ba a san dalili ba, har a 1911 wani likita a Landan, Goodman Levy, ya nuna a jikin kyanwoyi cewa kulorofom mara nauyi in ya haɗu da adirenalin yana jefa ɗakunan ƙasa na zuciya cikin karkarwa mai kisa. Halotan da ya shigo a 1956 shi ma yana da wannan halin na sa zuciya ta ƙi jure adirenalin, kuma har yanzu akwai wuraren da ake amfani da shi. Na zamani irin su sebofuluran da aisofuluran sun fi shi aminci nesa ba kusa ba ta wannan ɓangaren, amma suna tsawaita wani awo a ECG da ake kira QT.

Wannan QT ɗin ka riƙe shi da kyau. Lokaci ne da zuciya take ɗauka ta sake cajin kanta bayan kowane bugu. In ya yi tsawo, musamman ya wuce milisakan 500, wato rabin daƙiƙa, ana iya faɗawa wani mugun VT da ke sa suma nan take. Matsalar ita ce abubuwa ne suke taruwa: mutum yana shan amiyodaron ko sotalol da dama suna tsawaita shi, ga fotasiyum ɗinsa ya yi ƙasa saboda maganin fitsari, a ba shi na shaƙa, a ƙara da ondansetiron na hana amai wanda shi ma yana tsawaitawa, kowanne shi kaɗai ba komai ba ne amma haɗuwarsu ce haɗarin. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su azitiromaisin da sifirofulokzasin, da wasu na taɓin hankali da na damuwa, duk suna cikin wannan layin. Maganin gaggawarsa maganiziyum ne a jijiya, kuma duk ɗakin aikin zuciya yana da shi, amma gara a kauce tun farko.

Zaman da za ka yi da likitan barci

Ka nemi wannan zaman, kar ka bari sai kana kan gado da rigar tiyata. In ba a shirya maka ba ka tambaya. Ka tafi da duk magungunanka a kwalayensu, har na gargajiya da na ƙarin kuzari da wanda kake saya da kanka, domin "wani ɗan fari ƙarami" ba bayani ba ne. Ka tafi da duk takardar ECG da kake da ita, musamman wadda aka ɗauka lokacin da abin ya taso maka, wallahi wannan takardar guda ɗaya tana iya ceton aikin gaba ɗaya in bugun ya ƙi fitowa ranar.

Ka faɗa masa me yake tayar maka da shi. Gudu ne, hawa bene, fushi, rashin barci, ko kuwa sai ka kwanta da dare yake zuwa? Wanda nasa yake zuwa da motsa jiki shi ne wanda barci zai fi ɓoye wa. Ka faɗi in kana minshari mai ƙarfi ko an taɓa ce maka numfashinka yana ɗaukewa cikin barci, don wannan ciwon yana yawan tafiya tare da AF, kuma mai shi in aka ba shi furofofol maƙogwaronsa yakan toshe, iskar oksijin ta sauka, ƙirji ya riƙa fizga, wayar da ke cikin zuciya ta riƙa zamewa daga inda aka ajiye ta. In kana da na'urar numfashi ta dare ka zo da ita. Ka faɗi asma, ciwon ƙoda, ciwon suga, ƙwannafi mai tsanani, haƙori mai girgiɗi, da ko kana shan barasa ko taba ko wani abu mai sa maye, ba don a kunyata ka ba ne, adadin maganin da za a ba ka ne yake canzawa. Mace kuma ta faɗa in akwai yiwuwar ciki domin ana aiki da hoton eksire.

Sai tambayar dangi, wadda mutane suke wucewa da sauri. Akwai wanda ya taɓa mutuwa farat ɗaya yana matashi a gidanku, ko cikin barci, ko a ruwa alhali ya iya iyo? Akwai wanda ya taɓa samun mummunan zazzaɓi da sanƙarewar jiki a ɗakin tiyata, ko aka daɗe bai farka ba? Ciwon dogon QT na gado, da ciwon Brugada na lantarkin zuciya, da wannan zazzaɓin na maganin barci duk suna bin jini, kuma kowanne yana da magungunan da ake guje masa ko ake taka-tsantsan da su.

In kana da batirin zuciya ko ICD mai ba da shokin, ka kawo katinsa. Za a duba shi kafin aiki, a kashe ɓangaren shokin na ICD don kar ya ɗauki siginar kayan aiki a matsayin mugun bugu ya harba, sannan dole a sake kunna shi kafin ka bar wurin. Ka tambaya da bakinka "an mayar min da shi?" kafin ka tafi gida.

Tambayoyin da za ka yi kuwa ba su da yawa: wane irin barci za a sa ni kuma me ya sa, wa zai tsaya a kaina yana lura da numfashina, in na ji zafi me zan yi, kuma in bugun ya ƙi fitowa mene ne shirinku.

Wane magani za a tsayar, wane za a ci gaba

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma ƙa'idar ita ce kar ka tsayar da komai da kanka, kar kuma ka ci gaba da abin da aka ce ka tsayar. In za a nemo SVT ko PVC, galibi za a ce ka daina maganin da ke danne bugun kwanaki kaɗan kafin aiki, irin su bisofurolol, berafamil ko fulekenaid, don ya fita daga jiki. Wasu sai tsoro ya kama su su sha a ɓoye ranar jajiberi don kar abin ya tashi, alhali tashin nasa ake so. Amiyodaron shi kam yana daɗewa a jiki makonni da yawa har watanni, don haka lissafinsa daban ne, likita ne zai tsara. Amma in wata tiyata ce daban za a yi maka ba ta neman bugu ba, to akasin haka ne, yanke irin su bisofurolol kwatsam yana iya tayar da bugu da ciwon ƙirji.

Maganin tsinka jini na masu AF, wafarin ko afiksaban ko ribaroksaban da sauransu, yawanci ba a tsayar da shi don aikin AF, ko kuma a ce ka tsallake sha ɗaya kawai. In ka manta ka sha ko da sau ɗaya ne a makonni ukun da suka gabata, ka faɗi gaskiya. Gudan jini yana iya taruwa a wani ɗan aljihu na ɗakin hagu, in bugu ya dawo daidai ya fizge ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. In akwai shakka za a zura na'urar hoto ta hanyar abinci a leƙa bayan zuciya a tabbatar babu komai.

Masu suga su saurara: magungunan nan irin su dafagiliflozin da emfagiliflozin, da ake ba masu raunin zuciya ma, yawanci ana tsayar da su kwana 3 kafin aikin da za a yi azumi dominsa. Allurar rage ƙiba ko suga irin Ozempic kuma tana sa abinci ya daɗe a ciki, dole likitan barci ya sani. Ƙa'idar da aka saba ita ce babu abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma ana iya sha har zuwa awa 2 kafin, sai dai in asibitinka sun ba ka wani umarni. Kar ka ƙara wa kanka, wai ka ƙi shan ruwa tun jiya da yamma, bushewar jiki tana sa jini ya faɗi da zarar an tura magani. Kofi da lemon ƙarin kuzari ka tambaya, don sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana rage ƙarfin adenosin da ake gwaji da shi.

A kan gadon aiki

Ɗakin yana da sanyi, gadon siriri ne, za a manna maka faifai da yawa masu sanyi a baya da ƙirji. In a farke za a yi maka, allurar matsematsi ce za ta yi zafi na ɗan lokaci, bayan nan tafiyar waya cikin jijiya ba a jin ta. Abin da za ka ji shi ne lokacin da likita ya fara tsokanar zuciya, ta ɗauki gudu ta tsaya ta sake ɗauka, shi ne yake yi da gangan kuma yana iya tsayar da shi da maɓalli. In bugun ya ƙi tashi za a rage maganin barci, a yi ta maka magana, a ce ka matse hannu ko ka yi tari, sannan a sa aisofurenalin a ruwan da ake ƙara maka. Wannan yana kwaikwayon adirenalin ne, za ka ji zuciya na dukan uku-uku, fuska ta yi zafi, hannu na rawa, kamar ka sha gudu alhali kana kwance. Ana tsayar da shi yake wucewa cikin mintuna. Adenosin kuma daƙiƙu kaɗan ne amma ba daɗi, ƙirji ya cushe kamar numfashi zai tsaya, kafin ka gama tsorata ya wuce.

Aikinka guda biyu ne. Na farko ka kwanta shiru, musamman lokacin da aka ce za a fara ƙuna, kar ka ja dogon numfashi kar ka ɗaga kai, domin a wasu nau'in SVT wurin da ake ƙonawa milimita kaɗan ne tsakaninsa da ainihin hanyar lantarkin zuciya, in aka taɓa ta sai an sa batiri, abin da ke faruwa ga ƙasa da mutum 1 cikin 100 a hannun ƙwararru. Na biyu ka yi magana da baki. In ka ji zafi ka ce zafi, jarumta ba ta da amfani a nan don mai jin zafi shi ne yake zabura. In ka ji bakinka ya mutu, ko ɗanɗanon ƙarfe a harshe, ko kunne na ƙara bayan allurar kashe zafi, ka faɗa nan take, alama ce maganin ya shiga jini da yawa, irin su bufibaken kuwa suna iya rikita bugu sosai, kuma akwai ruwan kitse na musamman da ake turawa ya kwashe shi.

Wanda aka yi wa cikakken barci don AF ba zai san komai ba, amma ga abin da ke gudana. In da balan-balan mai sanyi ake aikin, wato a daskarar da wurin maimakon a ƙona shi, lokacin da aka zo jijiyoyin huhu na dama akwai wata jijiya da ke motsa tantanin numfashi tana wucewa dab da wurin. Sai a riƙa tsokanar ta da lantarki, cikin majinyaci yana ta harbawa kamar mai shaƙuwa, wani ya ɗora tafin hannunsa a kai yana ji, da zarar harbin ya yi rauni a tsayar da sanyin nan take. Wannan ba zai yiwu ba in maganin sake tsoka yana aiki, shi ya sa likitan barci yake ba da kaɗan a farko ko ya warware shi kafin a kai nan. In da zafi ake ƙunar, akan sa ma'aunin zafi a hanyar abinci tunda tana manne da bayan zuciya. Sabuwar hanyar nan ta harba lantarki mai ƙarfi a taƙaice, wadda Amurka ta amince da ita a ƙarshen 2023, tana da sauri amma tana sa tsoka ta zabura da tari, tana kuma iya sa bugu ya ragu sosai na ɗan lokaci, don haka ake yin ta da barci mai zurfi kuma sau da yawa a riga a ba da atirofin, maganin da ke ɗaga bugu, ko danginsa.

Shokin mayar da bugu daidai shi ne mafi gajarta. A tura furofofol ko etomidet, ka tafi na mintuna kaɗan, na'ura ta daidaita da bugunka ta harba, sau da yawa da ƙarfin jul 200 a ma'aunin lantarki, ka farka kana tambayar yaushe za a fara. Gajartarsa ba ta sa a raina shi ba, azumi da gwajin fotasiyum da maganin tsinka jini duk suna nan, kuma za ka ci gaba da maganin aƙalla mako 4 bayan shokin ko da kana jin ka warke sarai.

Bayan an gama

Za ka kwanta ƙafa a miƙe na wasu awanni saboda hujin matsematsi, in za ka yi tari ka danne wurin. Kaikayin maƙogwaro bayan bututu da ɗan ciwon ƙirji in ka ja numfashi abu ne da aka saba gani na kwana biyu ko uku. Awa 24 na farko babu tuƙi, babu sa hannu a muhimmiyar takarda, kuma a samu babba ya kwana tare da kai, ko da kana ganin idonka ya washe. Bayan aikin AF bugu yana iya rikicewa jefi-jefi a wata biyu zuwa uku na farko saboda kumburin wurin, wannan bai nuna aikin ya lalace ba, kuma maganin tsinka jini ba a taɓa shi aƙalla wata 2, bayan nan ma sai abin da likita ya ce.

Abubuwan da ba a jira da su: jiri mai tsanani ko suma, haki da ke ƙaruwa, kumburi ko jini a matsematsi da ya ƙi tsayawa, karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu. Sannan wanda aka fi mantawa, zazzaɓi da ciwon ƙirji ko zafin haɗiya da ya zo mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokacin har fiye, bayan ƙunar AF. Ba kasafai yake faruwa ba amma yana iya zama rauni ne tsakanin zuciya da hanyar abinci. Ka je gaggawa, ka faɗa musu an yi maka ƙunar AF da ranar da aka yi, ka ce a kira likitan da ya yi aikin kafin kowa ya zura maka na'urar leƙa ciki ta baki, domin a wannan yanayin hoton CT ake fara yi.

In kuma aka tashe ka aka ce bugun ya ƙi fitowa ba a ƙona komai ba, na san abin da ciwo, amma likitan da ya ƙi ƙona wuri bisa zato ya kyauta maka. Kafin ka bar asibiti ka nemi a rubuta maka wane maganin barci aka ba ka, nawa, da kuma a wane lokaci bugun ya ɓace, a haɗa da ranar da ka sha maganin zuciyarka na ƙarshe. Da wannan takardar za a tsara zagaye na biyu, ko a tsayar da maganin da wuri, ko a fara da allurar fata kawai ba tare da komai a jijiya ba, ko a sa ranar a lokacin da na'urar da ake rataya maka ta awa 24 ta nuna ƙarin bugun ya fi yawa.